Ba a Farawa Sai da Ni

Kafin in gaishe ku, ku riƙe mini wannan kacici-kacicin, kuma ba na son amsa yanzu, musamman daga masu fararen riguna, don na san sun sani. Ba a farawa sai da ni, ba a gamawa sai babu ni. Ni ake fara kira, ni ake fara sallama. In aka shimfiɗa aikin aka duba tun daga kai har gindi, ba a ganin ko sawuna, amma duk tsawonsa daga hannuna ya tashi. Mene ne? Ku sa shi a aljihu ya yi ɗumi.

Mai girma shugaban taro, wanda na lura tun kafin in miƙe yake satar kallon agogo. Mai girma Farfesa, uwar wannan ɗakin bincike, wadda ta yi kasadar miƙa wa tsohuwa lasifika. Manyan baƙi da ke layin gaba, masu kujeru masu laushi. Likitoci, masu allura da marasa allura. Ma'aikatan wannan gida, tun daga masu ɗigo a kwalba har masu wanke kwalbar. Mai gadi, da ya hana ni shiga ranar farko har sai da na ce masa na girmi uwarsa. Mai kula da janareta, wanda in ya yi fushi duk iliminku ya narke. Iyaye da mata da mazaje da 'ya'yan ma'aikata, 'yan uwana a zaman jira. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ranar buɗe wannan sabon gini. Ina godiya ga waɗanda suka gina, da waɗanda suka sa aka gina, da wanda ya yi tunanin sa matattakala mai marikin hannu, Allah ya saka masa da gwiwa mai lafiya. Ina godiya ga Farfesa da ta ce a samu wani ya yi magana a madadin iyalan ma'aikata, aka duba aka ga ba wanda ya kai ni shekaru, ba kuma wanda ya kai ni rashin abin yi.

Ni ba 'yar boko ba ce. Karatuna bai wuce in karanta sunan magani da lambar mota ba. Sana'ata saƙa: hula, safa, rigar sanyin jarirai. Abin da ya haɗa ni da wannan gida shi ne jikata, ga ta can a layi na uku tana neman ƙasa ta tsage ta shige. Ku kuna ce mata Dakta. Ni Tsinke nake ce mata, don haka aka miƙo mini ita lokacin da uwarta ta rasu, Allah ya ji ƙanta, ba tsoka ba kitse, sai ido da kuka.

Gara in faɗa muku tun yanzu inda na dosa, kada ku ce tsohuwa ta yi muku kwanton ɓauna. An zaɓi jikata ta je wani gari mai nisa ta kafa ɗakin bincike irin wannan, ta shugabance shi. Ta ce ba za ta ba. Ba ta gaya mini ba. Na ji ne da kunnena, ranar da Farfesa ta kira ta a waya da rana tsaka, ina kwance a doguwar kujera na rufe fuska da ɗankwali. Ita ta ɗauka barci nake. Barcin tsoho kuwa ido ne kaɗai ke yin sa, kunne yana bakin aiki. Na ji ta rage murya ta ce, "Farfesa, a ba wani. Kaka ba ta da kowa sai ni." Na ji Farfesa ta ce za ta riƙe mata wurin zuwa ƙarshen wata. To, wata ya kusa mutuwa, ni kuma aka ba ni lasifika. Kun ga ikon Allah.

Amma bari mu bi abin daki-daki, don an ce in yi magana a kan aikin da ake yi a gidan nan, kuma shekara da shekaru ina cin abinci da wannan aiki, ina shan shayi da shi, har na haddace shi kamar tallar rediyo.

Na farko. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinku akwai wani dogon zare mai tufka biyu, shi suke kira DNA. A jikinsa aka jera haruffa huɗu kacal, ana ta maimaita su, kuma da haruffan nan huɗu aka rubuta hancin shugaban taro da tsawon Farfesa da taurin kan jikata. Kowane harafi yana da abokin zamansa a ɗaya tufkar, ba ya yarda da wani. Don haka in aka warware tufkar, kowane ɓangare ya san abin da ya rasa. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, dole a kwafe zaren nan kaf, a ba kowace nata. Mai wannan kwafin wani ɗan ma'aikaci ne da ido ba ya gani, sunansa folimares. Ranar da na fara jin sunan na ɗauka maganin sauro ne. Na ce, "Tsinke, in kin samu ki kawo mana gwangwani ɗaya." Ta yi dariya har ta ƙware.

Shi wannan folimares na DNA, ma'aikaci ne na gaske. Yana bin tsohon zare harafi bayan harafi, yana ɗauko abokin kowanne yana ɗaurawa. Ba ya gajiya, ba ya neman hutu, ba ya cewa a ƙara masa albashi. Hanya ɗaya ya sani, gaba. In ya sa harafin da bai dace ba, yana ji a jikinsa, sai ya ja da baya taku ɗaya, ya cire, ya gyara, ya wuce. Da ta gaya mini haka sai na ajiye kwarashina na dube ta. Na ce, "Ke, wannan ai ya fi ki hankali." Don lokacin da nake koya mata saƙa tana ƙarama, in ta yi kuskuren ɗauri ɗaya, sai ta warware hular gaba ɗaya, ta jefar da zaren, ta shige bayan ƙofa tana kuka. In ce mata, "'Yar nan, ba a rushe gida don bulo ɗaya ya karkace. Koma baya kaɗan, cire, ci gaba." Ashe abin da nake ta fama da ita a kai, jikinta yana yin sa dare da rana ba da saninta ba.

Sai dai gwanin nan yana da aibi ɗaya, kuma a nan ne na fara son sa. Bai iya farawa ba. Ku ba shi zare, ku ba shi haruffa buhu guda, ku ba shi wuri mai ɗumi, zai zauna yana kallonku kamar baƙon da ba a ce masa bismillah ba. Sai an zo an kafa masa ɗan guntu a bakin zaren, 'yan haruffa kaɗan, ya samu abin kamawa, sannan ya ɗora. Su suna da sunansu na Turanci da suke kiran guntun nan, ni mafari nake ce masa. Kuma a ɗaya tufkar, wai guntu-guntu yake aikin, kowane guntu sai an sake kafa masa. Jama'a, wannan ba jikata ba ce? Yarinyar nan ta fi ni hannu tun tana 'yar shekara goma, saƙarta kamar ta inji, amma layin farko ya gagare ta. Kullum sai ta zo da kwarashi da ulu ta tsaya a kaina: "Kaka, kafa mini." In kafa mata, ta tafi, sai dai in ga hula. Ranar shiga makaranta, Kaka kafa mini: na kai ta har bakin aji. Ranar jarrabawa, Kaka kafa mini: na zauna a gindin bishiya har ta fito. Ranar da za ta fara aiki a gidan nan, da digirinta da komai, sai da na rako ta bakin ƙofa, abin da ya haɗa ni da mai gadi ke nan.

Na biyu. Folimares yana da ɗan uwa, shi kuma na RNA, wani zaren mai tufka ɗaya. Wannan halinsa dabam. Ba ya jiran kowa ya kafa masa. Yana zuwa ya sami alamar da ke cewa fara daga nan, ya buɗe tufkar, ya kwafi iya abin da ake bukata a lokacin, ya rufe, ya kama gabansa. Abin da ya kwafa saƙo ne, ana kai shi inda ake ƙera kayan aikin jiki, a karanta, a yi aiki da shi, in an gama a yaga. Tunda ba ajiyar dindindin ba ce, ba ya tsananta bincike kamar yayansa. In ɗan kuskure ya wuce, gobe ma rana ce. Wannan kam kawunta ne sak, ɗana mai gyaran mota, ga shi can a baya yana ɗaga hannu kamar an tambaye shi. Shi ba ya shawara, ba ya jira, sai dai ka ji ya fara. Amma kada ku raina gaggawa, don in wannan ɗan uwan ya tsaya, jiki ya tsaya. An gaya mini cewa ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka aikinsa ke nan: ya shaƙe folimares na RNA na ƙwayar cutar, ya ƙyale namu. Mijin maƙwabciyata ya sha shi wata da watanni, yau ga shi yana faɗa da kowa a kan wurin ajiye mota. Lafiya ta samu.

Na uku, kuma nan ne abin ya zo gidan nan. Mutanen nan masu fararen riguna sun kama ɗan ma'aikacin nan na DNA sun sa shi a kwalba. Kwalbar ma ba ta kai ɗan yatsan jariri ba. Suna ajiye shi a firiza, in za su fito da shi a kan ƙanƙara suke ɗauko shi, ana lallaɓawa kamar mai jego. Wata rana jikata ta shigo da ni tsohon ɗakinsu in gani. Aka sa mini safar hannu, aka sa mini riga har gwiwa. Na ga tebur da ɗan danshi, hannuna ya yi ƙaiƙayi, na kama gefen mayafina zan goge. Sai abokin aikinta, wannan da suke kira Dogo, ya yi tsalle ya tare ni. Ya ce, "Kaka, don Allah kada ki taɓa komai! In kika yi atishawa a nan, ke za mu kwafa sau biliyan." Na ce, "Ɗana, ni ɗaya ma jikata ba ta gama da ni ba, ina ga biliyan?"

Ga yadda suke yi. In an kawo musu ɗigon jini, ko majina, ko ganyen da ya kamu da cuta, zaren da suke nema a ciki ya yi ƙanƙanta, ba ya ganuwa. Sai su zuba shi a kwalba da folimares da haruffa, su sa mafarin da suka ƙera musamman don abin da suke nema, wanda ba zai kama ko'ina ba sai jikin wannan zaren. Su sa a wata na'ura mai kama da akwatin gasa burodi. Na'urar ta yi zafi har kusan tafasa, tufka ta warware. Ta huce, mafari ya kama. Ta ɗan ƙara ɗumi, gwani ya ɗora. Ɗaya ya zama biyu. A sake, biyu ya zama huɗu. A sake, a sake, wajen sau talatin, kafin ka gama cin abinci ka ɗan kishingiɗa, abin da bai kai a gani ba ya cika kwalba. In cutar tana nan, za ta bayyana. In ba ta nan, mafari bai sami wurin kamawa ba, gwani ya wuni a zaune. In kuwa cutar irin mai RNA ce, akwai wani ɗan uwan nasu mai tafiya da baya, shi ke fara juya ta zuwa DNA kafin a shiga aiki. Danginsu da yawa, kamar dangin mijina.

Na ce da Dogo, "To shi ma'aikacin naku, in ana ta tafasa shi haka, ba ya dahuwa?" Ya ce da can yana dahuwa. Wai masu binciken farko tsayawa suke a kan aikin, duk zagaye ɗaya su buɗe su zuba sabo, don na baya ya mutu. Har aka tuna da wasu ƙananan halittu da ke zaune a maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda in ka sa hannu sai fata ta saɓule, su kuwa nan ne gidansu, nan suke haihuwa. Aka ɗauko folimares ɗinsu, aka ga zafi bai dame shi ba. Tun daga nan aka huta. Wanda ya tashi a wahala, tafasa ba ta ba shi tsoro. Sai dai shi wannan ɗan ruwan zafin, wai ba ya komawa baya ya gyara kuskure, don haka in aikin na tsanaki ne sai su ɗauko wani. Kowa da ranarsa. Na RNA ma ba su bar shi ba: suna sa shi a kwalba ya rubuta musu saƙo, har wasu alluran rigakafi da shi ake yin su.

Shi ya sa gida irin wannan yake da daraja. A nan, in an ɗauki jinin yaro da safe, kafin a tashi aiki uwarsa ta san abin da ke damunsa. A garin da ake son tura jikata, sai an sa jinin a mota an yi doguwar tafiya da shi, uwa tana zaune tana jira, kwana da kwanaki. Na san zaman jira. Na yi shi a kan uwar yarinyar nan. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Na huɗu, kuma shugaban taro ka daina duba agogo, na kusa. Bayan na ji waccan wayar, da yamma muna zaune, ina saƙa tana danna kwamfuta, sai na ce, "Tsinke, wannan mafarin da kuke kafa wa gwaninku, in an gama aiki ina yake zuwa?" Ta ce, "Yana nan a ciki, Kaka. A kwalbarmu ba ya zuwa ko'ina, yana manne a bakin zaren har abada." Na ce, "A kwalba ke nan. A jikin mutum fa?" Sai ta miƙe, wai ta ji kamar ta bar ruwa a kan wuta. Ba ruwan da ta bari. Ni na reni yarinyar nan, na san ƙaryarta tun daga tafiyarta. Washegari na kira Dogo na ce ya zo ya karɓi hular da na saƙa wa ɗansa. Ya zo. Na riƙe hular a hannu na yi masa tambayar. Bawan Allah, bai san dawan garin ba, ya zayyana mini komai, har da zane a bayan kwalin shayi. Dogo, kada ka sunkuyar da kai, ba ka yi laifi ba, hula ce ta ja maka.

Don haka, jikata, ɗago ki dube ni. Ba ki yi mini ƙarya ba, rabin gaskiya kika ba ni, rabin da ya yi miki daɗi. To ni ba a kwalba nake ba. Ba a ajiye ni a firiza, ba a ɗauko ni a kan ƙanƙara. Kin ce ba ni da kowa sai ke. Kawunki ya ji wannan magana ya kwana biyu bai ci abinci da daɗi ba. Ya share mini ɗakin da ke kusa da ƙofa, ya yi masa fenti, kalar ba ta yi mini ba amma na yi shiru. Matarsa ta riga ta ɗauke keken ɗinkinta daga ciki. 'Ya'yansa mata biyu sun sayi kwarashi, kuma na duba hannunsu, duk cikinsu ba wadda ta iya layin farko. Aiki yana jirana. Ke ce ma kike tsare ni.

Na san abin da ke ranki, kuma ba wai ni kaɗai ba ce. Tsoro kike ji. Can ba Farfesa, ba Dogo, ba Kaka a gindin bishiya. Ɗaki ne fanko da kwalaye, kuma ke za a zuba wa ido a ce fara. To saurara. Shekara nawa ina kallonki kina kafa wa ɗalibai aiki a gidan nan, kina riƙe musu hannu a ɗigon farko, kina sakin su? Kin daɗe da iyawa, ba ki lura ba ne. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Waya tana nan, mota tana nan, ni kuma ba yau zan mutu ba, don ban gama rigar sanyin shugaban taro ba. In kuma kin dage sai an kafa miki, to ga shi na kafa, a gaban manyan baƙi da mai gadi da mai janareta. Saura ki ɗora.

Farfesa tana nan, wata bai mutu ba. Ba sai kin yi magana ba. Ɗaga hannu kawai, kamar a aji.

Muna jira. Ni ba na gaggawa, a zaune na wuni.

Shugaba, ka gani? Farfesa, kin gani? Wancan hannun mai riƙe da hankici, nata ne. A shaida. Dogo, miƙa mata ruwa.

Allah ya sa albarka a wannan gini da wanda za a kafa a can. Allah ya sa duk jinin da zai shigo nan ya fita da labari mai daɗi, in kuma ba mai daɗi ba ne, ya fita da wuri, a san abin yi. Allah ya tsare hannuwanku daga kuskure, in kun yi, ya ba ku zuciyar komawa baya taku ɗaya. Allah ya raba ku da ɗaukewar wuta. Allah ya ji ƙan waɗanda suka kafa mana suka tafi, ya raya waɗanda za mu kafa wa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.

Kacici-kacicin kuwa, mafari ne. A cikin jiki ɗan guntun RNA ne, wani daga dangin folimares na RNA yake kafa shi. In gwani ya ɗora ya yi nisa, sai a cire guntun, a cike gurbinsa da DNA, a ɗinke bakin, zare ya tafi cikakke.